Yadda Aka Koyi Buɗe Jijiyar Ƙafa Ta Ciki

Cutar toshewar jijiyar ƙafa ba ta zuwa da hayaniya. Mutum zai lura cewa in ya yi 'yar tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya huta ciwon ya lafa, ya ci gaba ciwon ya dawo. Abin da ke faruwa a ciki shi ne kitse da sinadarin kalsiyam sun yi shekaru suna taruwa a bangon jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, har hanyar ta tsuke. Shan taba da ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda da tsufa su ne ke gaggauta abin. In ya yi nisa jijiyar takan toshe ɗungurungum, ya zama ƙananan rassan gefe ne kaɗai ke ɗan tsiyayo da jini. A nan ne ciwo ke hana barci, har majiyyaci ya riƙa sauko da ƙafa daga kan gado cikin dare don ya samu sauƙi. Ɗan rauni a yatsa ya ƙi warkewa, yatsan ya yi baƙi. Toshewar da ta daɗe haka ita ce mai wuyar sha'ani, domin ta riga ta taurare, wani lokaci ma tsawonta a cikin cinya ya kai santimita 20 ko 30.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, in an kai wannan mataki babu abin da ya rage wa likita sai yanke ƙafa. An gwada datse wasu jijiyoyin laka da ke sa hanyoyin jini tsukewa, aikin da René Leriche na Faransa ya shahara da shi, amma amfaninsa kaɗan ne ga ƙafar da babbar hanyarta ta rufe. Matsalar farko ma ita ce ba a ganin inda toshewar take. Likitocin Fotugal na cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. A 1927 Egas Moniz ya zuba wani ruwa mai fitowa a hoton eksire cikin jijiyar wuya, ya ɗauki hoton hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. A 1929 Reynaldo dos Santos ya yi irin haka ga babbar jijiyar ciki da rassanta masu gangarawa ƙafa. Ɗansa, João Cid dos Santos, shi ne a 1946 ya tsaga jijiyar cinya a Lisbon ya kankare abin da ya toshe ta. Bayan shekara biyu, a 1948, Jean Kunlin, almajirin Leriche, ya yi abin da ya zama ginshiƙin wannan fanni har gobe: ya zaro doguwar jijiyar nan ta ƙarƙashin fata mai mayar da jini zuciya, ya ɗinka bakinta ɗaya a saman toshewar, ɗaya a ƙasanta, jini ya samu hanyar kewaye.

Aikin kewaye ya ceci ƙafafu masu ɗimbin yawa, kuma duk mai ba da wannan labari ya kamata ya faɗi haka tun da wuri. Sai dai babbar tiyata ce. Ana tsaga ƙafa mai tsawo, ana sa majiyyaci barci na awoyi, alhali masu wannan cuta yawancinsu tsofaffi ne, zuciyarsu ma ba lafiya gare ta ba. Da yawa ba sa iya ɗaukar aikin.

Hanya ta biyu ta ɓullo ne daga ɗakin ɗaukar hoto, ba daga ɗakin tiyata ba. A 1953 wani matashin likitan hoto a Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya wallafa dabarar da a yau ake amfani da ita a kusan kowane babban asibiti. A soka allura cikin jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a tura siririn bututun roba a kan wayar. Da wannan aka daina tsaga fata don shigar da bututu cikin jini. Seldinger don ɗaukar hoto ya yi ta. Wanda ya hango cewa za a iya yin magani da ita shi ne Charles Dotter.

An haifi Dotter a Boston a 1920, ya zama shugaban sashen hoto na makarantar likitanci ta Jami'ar Oregon da ke Portland a 1952, yana ɗan shekara 32. Mutum ne mai son ƙera kayan aikinsa da hannunsa. A 1963, yana ƙoƙarin ɗaukar hoton babbar jijiyar ciki, sai bututunsa ya ratsa ta cikin wata jijiyar ƙugu da ta toshe, ba tare da ya yi niyya ba. Da ya zare, sai ya ga hanya ta ɗan buɗe. A wannan shekara, a wani taron likitocin hoto a Karlovy Vary ta ƙasar Cekoslobakiya, ya tsaya ya shaida wa mahalarta cewa bututun da suke ɗaukar hoto da shi zai iya zama kayan aikin warkarwa. A shekarar dai ya haɗu da Bill Cook, wani ɗan kasuwa da ya fara ƙera allurai da wayoyi a gidansa a jihar Indiyana, wanda daga baya ya riƙa yi masa bututun da yake zanawa.

Ranar 16 ga Janairu, 1964, Dotter ya gwada tunanin nasa a kan wata tsohuwa mai shekara 82. Ƙafarta ta hagu na da gyambon da ya ƙi warkewa, yatsu sun fara ruɓewa, ga azabar ciwo. Likitocin tiyata sun ce sai an yanke, ita kuwa ta ce sam. Hoto ya nuna wata gajeriyar tsukewa a jijiyar cinya. Dotter ya zura waya ta wuce wurin, ya bi ta da siririn bututu, ya ɗora wani mai ɗan kauri a kansa, ya buɗa hanyar da ƙarfin turawa. Cikin mintuna ƙafar ta yi ɗumi. Ciwon ya tafi, yatsun da suka riga suka mutu suka faɗi, sauran ƙafar ta warke. Matar ta rayu fiye da shekara biyu bayan haka tana takawa da ƙafafunta biyu, ciwon zuciya ne ya yi ajalinta. A watan Nuwamba na shekarar, Dotter da almajirinsa Melvin Judkins suka wallafa sakamakon aikin a mujallar Circulation.

Amurka ba ta karɓe shi ba. Likitocin tiyata sun ɗauke shi mai ganganci, har suka laƙaba masa sunan hauka. Akwai labarin wani likita da ya aiko masa majiyyaci da takarda, ya rubuta cewa hoto kawai ake so, kada a yi yunƙurin gyara komai. A ganina ba duka ƙin nasu ne son rai ba. Dabarar Dotter tana da aibi na gaske: in kana son buɗa jijiya zuwa faɗin milimita 4, dole ramin da za ka huda a gindin cinya ya kai faɗin nan, don haka jini kan zuba. Kuma tura bututu mai kauri yana gurzar bangon jijiya, yana iya ɓantaro ɓarɓashi ya gangara ya toshe ƙananan hanyoyin ƙasa. Kuskurensu shi ne da suka ga aibin kayan aikin sai suka yi watsi da tunanin baki ɗaya.

Jamusawa ne suka riƙe shi. Eberhard Zeitler ya yi wa ɗaruruwan marasa lafiya aikin, yana rubuta sakamako dalla-dalla, Werner Porstmann kuma a Berlin ta Gabas ya gwada wata balan-balan da aka killace cikin keji. A wurin Zeitler ne wani matashi haifaffen Dresden, Andreas Grüntzig, ya ga aikin da idonsa. Ya koma asibitin jami'a na Zurich da tambaya ɗaya: yaya za a shiga da abu siriri, ya kumbura a daidai wurin toshewa, ya sake motsewa kafin a fito da shi? Balan-balan ta roba ba sabuwa ba ce a cikin jijiya, domin tun farkon shekarun 1960 Thomas Fogarty yake jawo gudan jini da ita. Amma roba mai laushi in ta haɗu da wuri mai tauri sai ta kumbura ta sama da ta ƙasa, ta bar tsakiyar yadda take. Grüntzig ya shafe kusan shekara biyu yana gwaje-gwaje da yamma a kan teburin kicin ɗin gidansa, tare da matarsa, da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta. Wani masanin haɗa sinadarai, Heinrich Hopff, ya nuna masa irin ledar da ba ta miƙewa fiye da girman da aka yi mata. A watan Fabrairun 1974 ya buɗa jijiyar cinyar wani majiyyaci da sabuwar balan-balan ɗin.

Duniya ta fi sanin Grüntzig da abin da ya yi ranar 16 ga Satumba, 1977, lokacin da ya buɗa jijiyar zuciya da irin wannan balan-balan. Amma a ƙafa aka haifi dabarar, kuma sai da ta yi suna a zuciya sannan Amurka ta waiwayo ta girmama aikin Dotter. Mutanen biyu shekara guda suka rasu. Dotter ya cika a Fabrairun 1985, Grüntzig kuma a Oktoba, a haɗarin ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa a jihar Jojiya, yana da shekara 46.

Balan-balan ta warware matsalar tsukewa, wato inda akwai sauran 'yar kafa da waya za ta bi. Doguwar toshewa kuwa tana nan daram. Bakinta na sama yakan yi tauri ƙwarai, waya ta zo ta lanƙwashe ko ta kauce ta shige cikin bangon jijiyar, wanda a lokacin ana ɗaukarsa babban kuskure da ke sa a dakatar da aiki. Shekarun 1980 sun ga zumuɗi iri-iri. An kawo hasken leza mai zafafa kan bututu don ya ƙona hanya, asibitoci suka kashe kuɗi suka saya, daga baya aka ga yana huda jijiya kuma sakamakonsa bai fi na balan-balan ba, aka jingine shi. John Simpson a Kalifoniya ya ƙera na'ura mai 'yar wuƙa da ke yanko kitsen ta fito da shi.

Mafita ta zo daga wannan kuskuren da kowa ke gudu. A 1987, a birnin Leicester na Ingila, likitan hoto Amman Bolia yana aiki a jijiyar bayan gwiwa sai bututunsa ya shige tsakanin shimfiɗun bangon jijiya, ya wuce toshewar ta gefe, ya sake faɗawa cikin buɗaɗɗiyar hanya a ƙasa. Bai gane abin da ya faru ba sai da ya gama hura balan-balan. Jini ya bi sabuwar hanyar, kuma ta daɗe a buɗe. Bangon jijiya shimfiɗa uku ne, kuma a mai wannan cuta ta ciki takan rabu da ta tsakiya cikin sauƙi, kamar yadda hannu ke shiga tsakanin riga da shafinta. Bolia da likitan tiyata Peter Bell suka mayar da haɗarin dabara. Ana lanƙwasa kan waya mai santsi ta zama kamar ƙugiya, a tura lanƙwasar tana ɓare hanya, komai tsawon toshewar, har ta kai inda jijiya ke da lafiya. Sun wallafa sakamakonsu a 1990. Abin da ya burge ni a wannan babi shi ne arahar kayan aikin, waya da bututu da balan-balan kawai, a zamanin da ake rububin injuna masu tsada.

Wahalar dabarar tana wurin komawa cikin hanya. In bangon ya cika da kalsiyam waya takan ƙi hudawa ta koma, ta yi ta zarcewa tana lalata rassan gefe da ƙafar ta dogara da su. Saboda haka a farkon shekarun 2000 aka fito da bututu masu 'yar allura a gefe, irin su Outback da Pioneer, wanda na biyun ma yana ɗauke da na'urar duba jijiya da sauti don likita ya ga inda zai soka. Wasu kuma suka ce, in ƙofar sama ta ƙi, a zo ta ƙasa. Tun 1988 likitoci a Denmak suka ba da rahoton shiga ta bayan gwiwa. Daga baya aka riƙa soka ƙananan jijiyoyin idon sawu da na bayan ƙafa, a turo waya sama, domin bakin toshewa na ƙasa yakan fi laushi. Wani lokaci waya biyu ake turowa, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, su haɗu a tsakiya.

A wannan fage na ƙasan gwiwa Italiya ta yi fice. Likitoci irin su Ezio Faglia a Milan, da Lanfroi Graziani a Brescia, da Marco Manzi a Abano Terme sun mayar da hankali kan masu ciwon suga, waɗanda cutar ta fi kama musu jijiyoyi ukun nan na ƙwauri masu faɗin milimita 2 zuwa 3. Sun ari siraran wayoyin aikin zuciya suna bi da su har cikin tafin ƙafa. Darasinsu shi ne gyambon mai ciwon suga ba ya warkewa da wanki da maganin ƙwayoyin cuta kaɗai in jini ba ya isa wurin. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci shida na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017, har da na Kano da Zariya, ya bi marasa lafiya 336 da aka kwantar saboda gyambon ciwon suga. Kusan rabinsu an same su da matsalar jijiyoyin jini na ƙafa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta masu cutar jijiyoyin ƙafa sun haura miliyan 200 a 2010, kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Buɗe jijiya abu ɗaya ne, zamanta a buɗe wani abu ne daban, kuma a nan aka fi shan wahala. Jijiyar da aka yaga da balan-balan takan motse nan take, ko kuma ta yi tabo daga ciki cikin watanni har ta sake rufewa. Tun 1969 Dotter ya gwada sa murɗaɗɗiyar waya cikin jijiyar karnuka don ta tokare bango. Julio Palmaz, ɗan Ajantina da ya saurari laccar Grüntzig a 1978, ya ƙera ragar ƙarfe mai siffar bututu da balan-balan ke buɗawa, aka fara sa wa mutum a jijiyar ƙugu a Freiburg ta Jamus a 1987. A ƙugu ta yi kyau. A cinya kuwa ta gaza, domin jijiyar cinya tana lanƙwashewa tana murɗewa tana matsewa da kowane taku. Sai da aka koma ga nitinol, haɗin ƙarfen nikel da titaniyam mai komawa siffarsa bayan an lanƙwasa shi. A 2006 wani gwaji a Biyana ta Ostiriya ya nuna ragar nitinol ta fi balan-balan kaɗai riƙe jijiyar cinya a buɗe, ko da yake an ga ragogin farko suna karyewa in sun yi tsawo.

Daga nan sai aka shafa magani a jikin kayan aikin. Paclitaxel maganin cutar kansa ne da aka fara samowa daga ɓawon wata bishiya, yana hana ƙwayoyin jiki hayayyafa. Gwajin da Gunnar Tepe ya jagoranta a Jamus, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna balan-balan da aka shafa wa maganin tana rage sake toshewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da raga mai maganin a 2012, da balan-balan mai shi a 2014, kasuwa ta buɗe. Kwatsam a Disambar 2018 Konstantinos Katsanos na Patras a ƙasar Girka ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje 28 ya ce waɗanda aka sa wa kayan sun fi mutuwa bayan shekara biyu da kuma bayan biyar. Hankali ya tashi, an dakatar da wasu gwaje-gwaje, amfani da kayan ya ragu sosai. A 2020 wani babban gwaji na Suwidin mai mutum 2,289 bai ga bambancin mutuwa ba, kuma a Yulin 2023 hukumar Amurka ta ce bayanan da aka tara ba su tabbatar da ƙarin haɗarin ba. Abin da rikicin ya tona shi ne gwaje-gwajen farko sun fi damuwa da ko jijiya na buɗe bayan shekara guda, ba su bi diddigin rayuwar mutanen yadda ya kamata ba.

Abin mamaki a tarihin nan shi ne daɗewar da aka yi kafin a auna hanyoyin biyu da ma'auni ɗaya a babban gwaji kan waɗanda cutarsu ta yi nisa. Shekara 41 bayan aikin Dotter na farko, a 2005, aka wallafa gwajin BASIL na Birtaniya, inda aka raba marasa lafiya 452 ta hanyar ƙuri'a tsakanin tiyatar kewaye da balan-balan. A 'yan shekarun farko babu bambanci a yawan waɗanda suka rayu da ƙafarsu, tiyata ta fi tsada da wahala, amma waɗanda suka haura shekara biyu a raye sun fi amfana da ita. Duk da haka, aikin ciki, wato buɗe jijiya ta cikinta da waya da balan-balan, ya ci gaba da mamaye fagen, saboda sauƙinsa ga majiyyaci, kuma a wasu wurare saboda kuɗin da ke cikinsa. A 2023 jaridar New York Times da kafar ProPublica sun bankaɗo yadda wasu ƙananan asibitocin kuɗi a Amurka ke maimaita wa mutane aikin kankare jijiya alhali ciwonsu bai wuce na tafiya ba, har wasu suka rasa ƙafa. Wannan abin takaici ne, domin mai ciwon tafiya kaɗai maganinsa na farko sananne ne: barin taba, atisayen tafiya a kai a kai, maganin rage kitse da na hana jini daskarewa, da kula da suga da hawan jini.

Manyan gwaje-gwaje biyu suka biyo baya, kuma ba su faɗi abu ɗaya ba. BEST-CLI, wanda aka wallafa a 2022, ya ɗauki mutum 1,830, yawancinsu a Amurka. A cikin masu kyakkyawar jijiyar ƙarƙashin fata da za a yi kewaye da ita, kusan kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata ne suka mutu ko aka yanke ƙafarsu ko aka sake musu babban aiki, a ɓangaren aikin ciki kuwa kusan kashi 57. A cikin waɗanda ba su da irin wannan jijiya ba a ga bambanci mai ƙarfi ba. BASIL-2 a 2023, mai mutum 345 masu toshewar ƙasan gwiwa, ya nuna akasin haka: kashi 63 na masu tiyata sun mutu ko sun rasa ƙafa, masu aikin ciki kashi 53, kuma yawancin bambancin daga mace-mace ya fito. Marasa lafiyan gwajin biyu ba iri ɗaya ba ne, wuraren toshewarsu ma haka. Shi ya sa a cibiyoyin da suka ƙware, kafin a yanke shawara ake duba jijiyar ƙarƙashin fata da na'urar sauti, a auna ƙarfin zuciyar majiyyaci, likitan tiyata da mai aikin ciki su zauna kan hoton tare.

Akwai kuma waɗanda jijiyoyin tafin ƙafarsu sun ƙare ƙaf, babu inda waya za ta faɗa, babu inda za a ɗinka kewaye. Dominsu aka farfaɗo da wani tunani da aka gwada tun farkon ƙarni na 20 bai yi nasara ba: a karkatar da jini daga jijiyar da ke kawo shi zuwa cikin wadda ke mayar da shi, ya gangara ta bayan gida ya isa yatsu. Yanzu ta ciki ake yin haɗin, da allura da raga mai rufi. A gwajin PROMISE II da aka wallafa a 2023 an yi wa mutum 105 aikin, dukansu waɗanda yanke ƙafa kaɗai ya rage musu, kuma bayan wata shida kusan kashi biyu cikin uku suna raye da ƙafarsu. Gwajin ba shi da rukuni na biyu da za a kwatanta da shi. Hukumar Amurka ta amince da na'urar a Satumbar shekarar, ga marasa lafiyan da tiyata da balan-balan duka suka gagara.